Wanda Ya Tuge Turakun Safiyo

Yayana mahaukaci ne, kuma in za a faɗi gaskiya, duk ƙauyenmu na ƙasar Maradun babu mai zaman lafiya kamarsa. Haukansa bai wuce gai da jakuna ba. Cikakkiyar gaisuwa yake yi musu, ya tambayi gajiya da iyali, ya tsaya jiran amsa. Kaza in ta buɗe fukafukai, gudu yake yi. Mu masu hankali kuwa, ba daminar da za ta wuce ba mu fasa wa juna kai a kan iyakar gona ba.

Da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, 'yan safiyo suka zo suna kafa turaku masu jan fenti a gonakinmu, alamar inda katafila za ta bi. Ni da abokaina muka bari suka tafi cin abinci, muka tuge su tas, muka kai wa mata suka tuƙa tuwo da su. Itace ne mai kyau, ba ya hayaƙi.

Da ɗan saƙon hakimi ya zo bincike, dattawa suka taru a zaure. Limaminmu ne ya kawo dabarar. Ya ce shari'a ba ta hawa kan mahaukaci, alƙali ba ya ɗaure shi, mala'iku ma ba sa rubuta masa komai. Sai aka ce yayana ne. Ɗan saƙo ya leƙa waje ya gan shi yana yi wa jaki bangajiya, ya yi dariya ya tafi. Don murna har rake na saya wa yayana.

Dabara ta yi daɗi, sai aka yi ta maimaitawa. Aka fasa gilashin motar kamfani, yayana ne. Aka jefi direban katafila da dutse, yayana ne, alhali ranar yana kasuwar Talata Mafara, inda jakuna suka fi yawa. Daga nan masu ƙananan buƙatu su ma suka shigo. Akuya ta ɓace, yayana. An girbe dawar wani, yayana.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne mu da muka ƙirƙiro ƙaryar za mu gaskata ta. Matan da suka yi tuwo da turakun suka fara janye 'ya'yansu in ya taho. Liman da kansa ya ce a daina barinsa shiga sahu, kada ya shaƙe wani a sujada. Ba a daɗe ba saƙo ya zo daga hakimi: ko mu tsare shi, ko 'yan sanda su tafi da shi. Na san in na buɗe baki za a ƙyale shi, a tafi da ni. Na ja bakina na yi shiru. Tsoro ne kawai, ba ni da wani suna mai kyau da zan ba shi.

Ni na goya shi a keke zuwa Bakura, gidan wani malami mai maganin taɓin hankali. Labarin yayana ya riga mu isa, don ƙarti huɗu ne suka tarbe mu da igiya. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Suka jawo turu, gungumen nan mai rami da ake sa ƙafar mahaukaci a ciki. Ya zauna, ya cire takalmi, ya tambaye su dama suke so ko hagu.

Da suka gama buga ƙarfen, na juya zan tafi, sai ya kira ni.

"Ƙanena, matso kusa."

"Na'am, Yaya."

Ya rage murya don kada ƙartin su ji.

"Kak ka sake tuge turakun nan hwa. Yanzu ga ni ɗaure, kowa ya gani. In anka tuge gobe, ba ni nan balle a ce ni na. Kai za su kamawa."

Ashe tun ranar farko ya sani. Kunya ta rufe ni, na kasa duban fuskarsa. Duk da haka na hau kekena na koma gida, shi kuma ya yi damina biyu a cikin turun nan.