Kantar Yatsan Ɗan Farina

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki aka ɗora ni a jirgi zuwa Greensboro, don in yi wa surukata wankan jego. Ɗan farina ne mijinta, yana karatu a jami'a. Ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, shi kuma bai taɓa ce mini a'a ba.

Kowace Asabar sai ya sa fararen kaya ya tafi wani fili a McLeansville, su yi wasan kurket da 'yan Pakistan. Shi ne mai jifa. Ba da ƙarfi yake jefawa ba, murza ƙwallon yake da yatsa, ta faɗi ƙasa ta kauce wa mai sanda. A bangon falo ya manna hoton wani Bature ɗan Ingila, gwanin wannan murzar. In ana wasan Baturen, sai ya kara rediyo a kunne, abinci ya huce.

Wata rana yana cin tuwo na hangi manuniyarsa ta dama. Ta yi kanta, tauri kamar kofato. Haka yatsan yayana ya fara, ƙarshensa sai da wanzami ya sa aska.

Na ce, "Kai, miƙo hannun nan."

Ya miƙo.

Na ɗauko man kaɗanyar da na zo da shi daga gida na mulke wurin. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Safe da yamma nake shafawa, mako biyu cur, har fatar ta yi laushi kamar ta jaririyar. Ni kuwa ina ta godiya ga Allah.

Asabar ta zagayo, ya dawo hannu a aljihu. Kwana huɗu da cokali yake cin abinci, da hagu. Ran na biyar surukata ta shigo ɗakina.

"Inna, zo ki gani. Ya hana ni faɗa miki."

Yatsan ya tsage har tsoka, ya kumbura, yana fitar da mugunya. Wani jan layi ya kama hanya daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Jikinsa zafi rau.

"Ɗinkin ƙwallon ne ya yanke shi," in ji ta. "Kantar nan ita ke tsare shi, Inna. Shekara goma yana tara ta. Har Baturen hoton nan, wai da ita yake ci."

Na dafa bango.

A asibiti likita ya yi ta Turanci, ban ji ko kalma ba, amma na ga ya ɗora yatsansa a kan gindin yatsan ɗana ya ja layi. Wannan yaren na sani. Surukata ta ce in jan layin bai ja da baya ba nan da kwana uku, za a cire. Da hannun yake rubutun karatunsa, da shi yake ci.

Kwana ukun nan ina kan kujerar roba da carbi. Duk ma'aikaciyar da ta turo keken ƙarfe, sai in leƙa ko akwai wuƙa a kai. Da ya farka na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Inna, ke ce fa kika ce in miƙo."

Ran na uku jan layin ya sauka. An bar masa yatsansa, sai dai gaɓar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Ya koma filin sau ɗaya, ƙwallon ta ƙi murzuwa, ya dawo ya naɗe fararen kayan. Hoton Baturen bai cire ba, rediyon ma bai daina ji ba.

Yau shekarunsa sun ja, yana limanci a gidansa. In an zauna tahiya ina bayansa, idona kan sauka a kan yatsan nan, miƙe tun kafin a zo wurin ɗaga shi.