Kofin da Ilu Ya Kai Mai'aduwa

Na daɗe ina ganin cewa darajar ɗan ƙwallo tana ƙarewa ne ranar da ya daina shiga fili, abin da ya biyo baya kuwa zaman kujera ne kawai.

Kakata Hajiya Yalwa ba ta yarda da haka ba. Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhunta a gidanmu na Daura, tana gasa mana masara, tana ba mu labarin ƙanenta Ilu, wanda ya tsare wa ƙungiyar garinmu gida a ƙuruciyarsa. Ba ta taɓa taka filin wasa ba, tamaula ma take kiran ƙwallon, amma ta san yadda ya yi tsalle ya cafke fanareti da karyayyen yatsa. Mu a nan muke so ta tsaya.

"Kai maigida, koma ka zauna," haka take tsokanata. "Tsalle ai ko ɗan akuya ya iya. Saura rabin labarin."

Da gwiwa ta hana Ilu wasa, sai aka ba shi shugabancin kwamitin gasa. Wata shekara tsohuwar ƙungiyarsa ta cinye ta Mai'aduwa a wasan ƙarshe, daga baya ta bayyana cewa 'yan garinmu sun hayo ɗan wasa daga tsallaken iyaka, an laƙaba masa sunan wani yaron unguwa. Kowa yana yin haka, kowa yana kawar da kai. Ilu ya ɗaure kofin a bayan kekensa ya kai wa mutanen Mai'aduwa.

"Da matarsa ta haihu, abokan wasansa ko ɗaya bai zo suna ba," in ji ta. "Ni na bi gida-gida ina raba tuwon."

"Bai yi nadama ba, Hajiya?"

"Ya rame dai. Amma bai je ya karɓo kofin ba."

Bara, ina shugabantar kwamitin gasar matasa, ƙungiyar unguwarmu ta cinye ta Baure da ɗan haya. Mai horar da ƙungiyar tamu ɗan yayana ne. Na tambayi kaina ko gaskiya nake bi, ko kuwa so nake a kwatanta ni da Ilu. Ban samu cikakkiyar amsa ba, amma na sa kofin a mota na kai Baure.

Tun daga ranar yayana bai sake cin abinci a gidana ba.