Tambayar Da Ta Cece Mini Ƙafa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina ɓoye wannan labari, yau dai zan amayar da shi.

Ni tela ne a kasuwar Nguru. Wajen 2004 na fara shan ruwa kamar raƙumi, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga rama. A asibitin Gashua aka auna jinina, aka ce ciwon suga ne. Wallahi na tsorata, don shi ya tafi da kawuna.

Aka ɗora ni a kan magani. Kuɗin mota da na awo suka yi wa jarina illa, amma suga ya sauka.

Duk zuwa likita zai ce, "Yaya jiki?" Ni kuwa in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To me zan ce? Haka aka tarbiyyantar da mu. Mutumin da ke gargarar mutuwa ma da sauƙi yake cewa.

Alhali tafin ƙafata ya mutu murus. Keken ɗinki ya gagare ni takawa, yatsuna kuma kamar an zuba musu barkono.

Wata rana aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, 'yar ƙabilar Bade, ana kiranta Baba. Da ta tambaye ni jiki, na ba ta amsar da na saba. Ta yi dariya.

"Malam, wannan gaisuwa ce, na amsa. Yanzu faɗa mini, me kake yi da, wanda yanzu ya gagare ka?"

Matata Falmata ta ce, "Baba, tun kafin azumi bai taka keke ba."

Dattijuwar ta ce mini, "Cire takalmi."

Ashe akwai gyambo a ƙasan babban yatsana, har ya fara baƙi, ban ji shi ba. Likita ya duba ya ce, "Da ka ƙara jinkiri, da sai dai mu yanke."

Na yi kuka a gaban matata, ban ji kunya ba.

Aka kwantar da ni, kullum wanki da allura. Bayan sallama, duk ranar awo dattijuwar nan ba ta buɗe katina sai ta ce, "Keke fa?" Daga "ban iya ba" muka koma "kaɗan-kaɗan", har ranar da na kai mata zane da kallabi, ɗinkin ƙafata.

Na gode wa Allah. Na gode wa Falmata. Baba kuwa na ji ta rasu, Allah Ya haskaka kabarinta.

Masu suga, ku riƙa duba tafin ƙafarku kullum. In kun je gaban likita, ku gode wa Allah, sannan ku faɗi abin da ya gagare ku. Awo jini kawai yake gani. Mutumin da ke gadon kusa da nawa a asibiti mai haƙuri ne ƙwarai, bai taɓa ƙorafi ba, sai da aka yanke masa ƙafa, da sanda ya koma Dapchi.