Tsarabar da Na Je Karɓowa Bayan Mahuta

Zariya

Ko kiran assalatu ba a yi ba na fito da jakata, maigidana yana bina har bakin titi yana cewa in bari gari ya waye. Ban saurare shi ba. Tun jiya da Yaya Hadiza ta kira ni daga Malumfashi ta ce ba ta ga gwangwanina ba, na ƙudura sai na je da kaina.

Bari in faɗi abin da ke cikin gwangwanin, don kada a ce na haukace a kan biskit. Ni malamar kimiyyar fiziks ce, ina aikin digirina na uku a kan maganaɗisu. Bara na samu zuwa wani ɗakin bincike a ƙasar waje, na haɗa wasu 'yan gutsattsari guda shida, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba. A kan kowanne akwai shimfiɗa biyu na ƙarfe mai maganaɗisu, sirara ƙwarai, ido ba ya ganin kaurinsu, da wata 'yar katanga a tsakani wadda bai kamata lantarki ya wuce ta ba. Amma yana wucewa, ba tare da ya fasa ta ba, kuma yawan abin da ke wucewa ya danganta da inda maganaɗisun biyu suka fuskanta. Aikina shi ne in auna yadda suke juyawa, da yadda kaurin katangar ke canza abin. Shi ya sa suke shida, kowanne da nasa kauri. Gumin yatsa yana lalata su. Ɗan tartsatsin da mutum ke ji idan ya cire mayafi ma ya isa ya huda katangar.

Bizata ta ƙare kafin a gama gasa su a tanderun ɗakin binciken, na dawo na bar su. Yaya Hadiza, wadda ke aikin jinya a can, ita aka ba ta taho mini da su, kowanne a liƙe cikin ledarsa, an jera su a gwangwanin biskit saboda ƙarfe yana kare su. Ba ni da hanyar sake yin wasu.

Funtua

Motar farko ta cika da wuri, muka iso Funtua rana na ɗagowa. Ban ko kalli mai shayi ba, na faɗa motar Malumfashi. Direban, wani dattijo mai jan gemu, ya ƙi tashi sai an samu mutum na biyu a gaba. Na ce zan biya kujerar, ya ce ba a yi masa haka, akwai mai rabon tafiya da zai zo. Haushi kamar in fashe. Da muka tashi kuma, duk inda aka tsayar da mu a shinge sai ya tsaya gaisawa da tambayar iyali. Masara ta yi tsayi gefe da gefe har ta fi mota, kowa a ciki ya yi shiru yana kallonta, don an san abin da takan ɓoye a irin wannan lokaci.

Malumfashi

Da hantsi na shiga gidanmu. Yaya Hadiza tana tsakar gida, ta zazzage akwatunanta duka, idonta ya yi ja. Inna kuwa tana bakin murhu, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Nan na gane an riga an san inda abin yake.

Ashe ranar da Yaya ta sauka gajiya ta kwashe ta, ta yi barci har yamma. Inna, kamar yadda ta saba da kayan duk wanda ya dawo daga tafiya, ta buɗe jakar tsaraba ta raba: turare gidan liman, sabulu ga maƙwabta, alewa ga jikoki. Gwangwanayen biskit uku ne. Ta ɗaga, ta zaɓi wanda ya fi kyawun zane, ta naɗe shi a ɗankwali, ta ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Dandume ya kai wa Gwaggo Asabe.

Da na ji sunan sai na zauna a kan turmi. Gwaggo Asabe ƙanwar Babanmu ce, tana wani ƙauye bayan Mahuta. Tun zaman makokin Baba, da wata magana mai zafi ta shiga tsakaninta da Inna, ko gaisuwar salla ba su sake aika wa juna ba. Wannan gwangwani shi ne abu na farko da ya fita daga hannun Inna zuwa gidanta.

Na ce a kira ta. Yaya ta ce babu sabis a can. Na ce to zan je.

Sai a lokacin Inna ta ɗago. "Ki je ki ce mata me? Na ba ta abu, na aiko a karɓe?"

Na yi bayani, na sake yi, har da ƙwalla. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an bi kyauta an karɓo ba, kuma idan na je kada in kuskura in ce ita ta aike ni. Ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duka a lokaci guda.

Hanyar Dandume

Na koma Funtua bayan azahar. A tashar Dandume mota ɗaya ta rage, kwandasta yana ta cewa ita ce ta ƙarshe, bayan la'asar ba mai shiga hanyar nan ko an ninka masa kuɗi. Aka cusa ni tsakanin buhun taki da wata mata mai goyo. Ta tambaye ni wajen wa za ni, na faɗa, ta ce ai ta san Asabe mai daddawa, kwana biyu ma ba ta fito kasuwa ba, an ce hankalinta a tashe yake.

A Mahuta na hau ɗan acaɓa. Hadari ya haɗo daga gabas. Ya ce in riƙe da kyau, ba zai tsaya wa kowa ba, ko wa ya ɗaga hannu. Mun ci rabin hanya ruwa ya sauko. Ni ba jiƙewata ke damuna ba, ina ta lissafin ko murfin gwangwanin yana rufe.

Gidan Gwaggo

Na same ta a zaure tana gyaran kalwa. Ta kalle ni sama da ƙasa, a jiƙe sharkaf, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ba ta ce in shiga ciki ba.

"An aiko ki ki ga ko ya ci ni?"

Ban gane ba sai da ta ci gaba. Ta ce da saƙon ya zo ta yi murna, har ta tara matan gida a buɗe tare. Tana ɗaga murfi ba biskit, sai wasu ƙulle-ƙulle a leda mai ƙyalli, da baƙin abu a ciki, da rubutu a jiki. Kowa ya ja da baya. Matan suka ce sammu ne, ita ma ba ta ga abin da zai hana ya zama shi ba. Da itace biyu ta ɗauki gwangwanin, ta kai bayan danga, ta kife tsohuwar tukunya a kai. Ta ce da itacenta bai jiƙe ba, da tun jiya ta ƙone shi.

Na roƙe ta, ta raka ni da sandarta. Na ɗaga tukunyar: gwangwanin yana kan dutse, a bushe. Na buɗe, shida cif, ba wanda aka yage. Na yi hamdala a fili.

Muka koma zaure na shiga bayani. Na ce kayan karatuna ne, kuskure aka yi, Inna ba ta ma san da su ba. Na yi maganar maganaɗisu, na yi maganar katanga, tana saurare fuskarta ba ta motsa ba. Da na gama ta ce duk ta ji, amma ita ba ta yi boko ba, abu ɗaya ta sani: wanda ya kawo abu, idan ana shakkarsa, shi ke fara taɓawa.

"Buɗe ki riƙe da hannunki in gani."

Na ce idan na taɓa ya lalace. Ta ce to ashe akwai abin tsoro a jiki ke nan. Ta ce in kwashi kayana in tafi, ba ta hana ni ba, amma in gaya wa uwata saƙo ya iso, an kuma gane.

Ga gwangwanin a cinyata, shida lafiya lau, ƙofa a buɗe. Wallahi na yi tunanin tashi. Sai na tuna Inna a bakin murhu, da ɗankwalin da ta naɗe shi da shi, wanda na hango an jefar can kusa da tukunyar. Na ce wa Gwaggo ta zaɓa. Ta miƙo sanda ta nuna na huɗu. Da ta nuna na farko ko na ƙarshe da da sauƙi. Na huɗu kuwa a tsakiya yake, inda nake sa ran ganin canjin da na yi shekaru ina nema.

Na yage ledar da haƙori, na zazzago shi a tafin hannuna mai laima.

"Lasa."

Na lasa. Sanyi kawai na ji, ba ɗanɗano. Ta jira kaɗan tana kallona, sannan ta miƙo hannu ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta ce har tana ganin kanta a ciki. Can ta tambaya, muryarta ƙasa ƙasa, ko da gaske biskit uwata ta yi nufi.

"Biskit ta yi nufi, Gwaggo. A cikin uku ta zaɓo miki wanda ya fi kyau."

Ta ƙulle gutsuren a bakin zanenta, ta tashi ta ɗauko ɗankwalin ta wanke, ta ce in shiga ciki in canza kaya kada sanyi ya kama ni. A ɗakinta na kwana, bayan tuwon masara da miyar kuka wadda na ci ina haɗiye kuka na kaina.

Komawa

Da safe ta ce in kwashe karatuna, gwangwani dai nata ne. Na naɗe biyar ɗin a takardar da ke cikin gwangwanin na soke su a ƙirjina ƙarƙashin hijabi. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin cike da daddawa, a naɗe cikin ɗankwalin Inna, ta ce ba a mayar da mazubi haka nan. A shingen shiga Funtua wani jami'i ya ce in buɗe, ƙamshin ya buge shi, ya ce in rufe in wuce.

Na sake bi ta Malumfashi. Inna ta kwance ɗankwalin, ta ɗaga murfi, ta daɗe tana kallo. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ɗebi ɗaya ta jefa a turmi, ta ce in tsaya in ci abinci kafin in kama hanya.

Na iso Zariya da magariba. Mako na zagayowa na ɗora biyar ɗin a na'ura, dukansu da rai: ina juya maganaɗisu, lantarkin yana tsalle kamar yadda ya kamata. Amma a zanen sakamakona akwai giɓi a tsakiya, daidai inda na fi buƙata, kuma abin da zan iya cewa a kundina ya ragu ƙwarai. Har yau idan na kalle shi raina yana sosuwa. Farfesan da ke duba aikina ya sa biro a wurin ya tambayi ina na huɗu. Na ce yana bayan Mahuta, a bakin zanen gwaggona.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa ɗan acaɓan da bai tsaya ba, da ruwan da ya jiƙa itacen Gwaggo. Da ƙaramar salla Gwaggo ta zo Malumfashi, ta kwana biyu a ɗakin Inna.