Baba Bature da Zinaren Ƙanƙara

A shekarata ta uku a New York aka tura ni kula da wani tsohon Bature ɗan Ingila, mai shekara casa'in ba kaɗan. Kullum da safe in hau jirgin ƙasa na layin D daga titin Grand Concourse, in je in dafa masa shayi, in miƙa masa magani, in tabbatar bai faɗi a banɗaki ba. Baba nake ce masa, don bakina ba zai iya kama sunan sa'an kakana gatsau ba. Da farko ya yi gardama, daga baya in na kira har gyara zama yake yi.

Ba shi da kowa sai 'yar marigayiya matarsa, ita ma a wata jiha take. Ita da nas ɗin da ke zuwa duba shi duk wata suka ja ni gefe, suka ce in riƙa rubuta duk maganar ruɗewa da na ji ya yi. Idan abin ya yi yawa, gidan tsofaffi za a kai shi. Shi kuwa ya sha gaya mini gara ya mutu a kujerarsa ta bakin taga.

Ni fa ba a ba ni aiki in yi rabi. Har sabon littafi na saya.

Baba ba shi da hira sai ta hoki, wannan da ake yi a kan ƙanƙara, ƙarti sun ɗaura ƙarfe a ƙafa suna bin wani ɗan baƙin faifai da sanduna. Ya ce tun zamanin kakanninsa, in fadama ta daskare, manoman ƙasarsu kan fito da sanduna su yi ta bugawa. Na ce to, Baba. Ya ce har 'ya'yan sarauniya sun taɓa bugawa a kan tafkin gidan sarauta. Na rubuta. Rannan kuma ya ce yana ɗan shekara goma Ingila ta doke Kanada a Jamus, ta ɗauko lambar zinare, babansa ya ɗaga shi sama a tsakiyar titi don murna. Wannan har layi biyu na ja a ƙasansa. Ingilar da na sani ta ƙwallon ƙafa ce da shan shayi. Nas ɗin ma, da take mayyar hoki, da na karanta mata a waya dariya ta yi har da tari.

Ana saura kwana biyu 'yar matar tasa da nas su zo su yanke shawara, muna cin tuwo da maigidana, na ɗauko labarin don mu yi dariya. Direban tasi ne, yini yake da rediyon wasanni a kunne, kuma ba a fara gardamar wasa a gabansa a bar ta a hanya. Ya suɗe hannu ya jawo waya. Ya yi ta lalube a ciki, can ya juyo mini ita: wani tsohon hoto, samari a jere da sandunansu. Har maganar 'ya'yan sarauniyar ya tono. Ya ce gaskiya yawancin samarin a Kanada suka girma, amma dai zinaren na Ingila ne.

"Hajiya, tsohon nan lafiyarsa lau," in ji shi. "Ke da nas ɗin nan ya kamata a kai asibiti check-up."

Na ture kwanon tuwon gefe. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi ta, don da hannuna na kusa fitar da bawan Allah daga ɗakinsa.

Ranar da suka zo, nas ba ta gama buɗe jaka ba na ce ina da magana. A gaban Baba na faɗi duk abin da na yi, na ce jahilcina na cika littafi da shi, na miƙa musu hoton a wayata. Nas ta yi ta shafa wayar, kunnuwanta suka yi ja. Ta yi wa Baba tambayoyinta ya amsa tas, har ya gyara mata sakamakon wasan jiya. Nan dai aka ce ya zauna a gidansa.

Bayan sun tafi na kawo masa shayi, ya daɗe yana juya cokali.

"Ashe don su kike rubutawa," ya ce. "Ni da nake ta jan maganar a hankali don kada in bar ki a baya. Na ɗauka labarin ne ya burge ki."

Ban san lokacin da na durƙusa a gabansa ba, kamar yadda ake neman gafarar babba a gida. Baba ya zaci faɗuwa na yi, ya hau laluben maɓallin kiran agaji da ke rataye a wuyansa. Da ƙyar na riƙe masa hannu, ina hawaye ina dariya, ina ce masa haƙuri nake bayarwa.

Ya ce in tashi, gwiwa ba abin wasa ba ce, shi ya sani. Sannan ya ce in ɗauko biro in ina so, bai ma kai ga ranar da shi kansa ya fara hawa ƙanƙara ba.