Zuwa Dogon Dutsi Neman Muryar Ɗan Fari

Mun tashi da asuba daga Dumega mu uku: ni, da jikata mai karatun kwamfuta a Yamai, da ƙanen mijina wanda ba a gayyace shi ba amma ya ce mata ba su tafiya su kaɗai. Ni ke faɗa, jikata ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

A cinyata na riƙe kwamfutar uban yarinyar, ɗan farina, Allah ya jiƙansa. Mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ta Kiyeshe, yana ɗaukar hirar tsofaffi don 'yan ajinsa. Kun san ba mu kiran sunan ɗan fari, ba mu zama hira da shi. Haka na yi har ya bar duniya. Muryarsa ba ta saura ko'ina ba sai cikin wannan abu, ga shi ya daina nuna komai sai baƙin allo. Aka ce akwai mai gyara a Dogon Dutsi.

Daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa mota ta girgiza mu kamar ana tankaɗe. Kuɗin mota ya hau, wurin zama bai ƙaru ba; wata ta ɗora mini kwandon zabi a ƙafa, na kalle ta sau ɗaya ta ɗauke. Da muka hau kwalta aka samu sauƙi. Hatsin bakin hanya ya yi kai, sai dai na ga gonakin da ba a yi wa maimai ba, masu su sun san kansu. A tashar Dogon Dutsi muka ci kopto, zogale da ƙuli, gishiri ya yi yawa. Ƙanen mijina ya ci nasa ya ƙarasa nawa.

Mai gyaran saurayi ne mai ɗangalallen wando da ladabi. Ya duba ya ce: "Inna, za ta tashi, amma sai an share duk abin da ke ciki. Ku kwashe naku tukuna."

Jikata ta ja kujera ta zauna gaban baƙin allon nan, ba hoto ba komai, sai rubutu take yi tana ba kwamfutar umarni. Ta ce ga ɗakin ajiya nan, ubanta ya sa masa suna "Hira da Inna". Ta umarce ta ta shiga, ta ƙi. Kwamfutar ta ce wai babu wurin.

Na ce: "Ke, ya ɓace ne?"

"A'a Kaka. Sunan kalma uku ne da tazara tsakani, ita kuma tana ɗaukar kowace kalma abu dabam. Bari in haɗe mata su."

Ta sa wasu ƙananan alamu biyu, ɗaya gaban sunan, ɗaya bayansa. Na ce ashe dami za ki ɗaure. Ta yi dariya, ta danna, ɗakin ya buɗe.

Sai ga muryarsa: "Inna, ki ba ni labarin fari, shekarar da ruwa ya ƙi." Sai tawa tana cewa: "Tashi ka ba ni wuri, ina da aiki." Shagon duka aka yi dariya. Ni na juya ina kallon titi. Mai gyaran ya ce wa jikata in ta gama karatu yana da kujera gare ta. Na ce ta fi ƙarfin kujerarsa.

Mun iso gida bayan la'asar, muryar tana cikin wayata. Abin da na koyo: yarinyar nan ba zaman banza take a Yamai ba, kuma na faɗa mata a gaban mutane, abin da ban taɓa yi wa ubanta ba.

Washegari da na idar da salla, na tura ƙofa, na danna inda ta nuna mini. Da ya ce in ba shi labarin fari, na gyara zama na ba shi, tun daga farko.