Ranar da Ƙungiyarmu Ta Cika Asibiti Don Ba Ni Jini

Salamu alaikum jama'ar shafin nan. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata ba. Masu cewa kuɗi na samu na ɓuya, Allah ya amsa bakinku, amma gwiwa ce ta zaunar da ni.

A wasan kofin da wani ɗan takarar kansila ya sa abin ya faru, mu 'yan Ƙofar Ƙaura da 'yan Kambarawa. Ni nake tsaron baya. Na tashi zan sa kai, wani ɗan wasansu mai suna Lawal ya shigo ta gefe, muka zube tare. Na ji wani abu ya ce ƙas a gwiwata ta dama.

Washegari ta kumbura suntum. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya murza, ni da gemuna na ƙwala wa Hajiyarmu kira a gaban mutane. Hoton ƙashi ya nuna babu karaya. Kumburi ya saɓe, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Rashin ƙwallo bai dame ni kamar salla ba. Ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, na koma kan kujerar roba a ƙarshen sahu, tare da dattawan unguwa. Kowa ya kai goshi ƙasa, ni sai dai in sunkuyar da kai.

Wata da watanni ana haka. Tsoro ɗaya nake kwana da shi nake tashi da shi: kada ya zama na riga na yi sujadata ta ƙarshe ban sani ba.

Daga baya na je wurin likitan ƙashi, ya tura ni hoton MRI. Da ya duba ya ce, "Malam Sada, jijiyar tsagewa ta yi, ba ta tsinke ba. Mu gwada allurar PRP kafin maganar tiyata." Ya ce jinina za a ɗiba, a juya shi a na'ura, a ware ɓangaren da ke taimaka wa rauni ya haɗe, a zuba a jijiyar. Bai ɓoye mini ba, ya ce ba kowa take yi wa aiki ba. Kuɗin ma ba wasa ba, sai da albashina ya ji a jikinsa.

A gida na gajarce wa Hajiya bayani, na ce magani ne da ake yi da jini. Ku kuwa kun san garin nan, da an ji mutum yana neman jini ba a jiran gayyata. Hajiya ta gaya wa maƙwabta, magana ta kai kunnen Mannir, kyaftin ɗinmu.

Ranar allura da safe na iso asibiti, na tarar babu wurin ajiye babur. Ƙungiyarmu kakaf, har da mai tsaron gidanmu da ko allurar rigakafi gudu yake yi. Ga katan na madarar gwangwani da lemon malt sun sawo, waɗanda za su sha bayan an ɗebi jininsu.

Likita ya leƙo ya ce, "Malam Sada, duk waɗannan naka ne?"

Mannir ya ce, "Likita, jini muka taho badawa. Ko leda nawa kake so, ɗiba. Mi ake jira?"

Sai na hango Lawal a gaban layi, ya naɗe hannun riga. Tun ranar wasan nan, in ya hango ni sai ya sauya hanya. Bai iya kallona ba, ya ce, "A hwara da ni. Ni na jawo mashi."

Wallahi sai da hawaye suka zubo mini. Na dafa shi na ce wasa ne, ban taɓa riƙe shi ba.

Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Nasa za mu ɗiba, ɗan kaɗan, mu mayar masa. Na wani ba ya yi."

Mannir ya ce, "To madarar nan hwa?"

Wata nas ta ce in da gaske suke, ɗakin haihuwa na babban asibiti kullum cikin neman jini yake. Haka suka ɗunguma can da katan ɗinsu. An ce mai tsaron gida ya suma, shi dai har yau musantawa yake.

Allurar akwai zafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Kwanakin farko har na fi da jin ciwo, kuma an hana ni magungunan kashe zafi irin masu sauke kumburi. Aka maimaita ta, na kama zuwa sashen gashin ƙashi, ana lanƙwasa ƙafa kaɗan-kaɗan ina cije baki.

'Yan'uwana 'yan ƙwallo, in kun ji ƙara a gwiwa, ku fita daga fili. Ku yi hoto kafin kowa ya ja muku ƙafa. Allurar nan a wurin ƙwararren likita ake yin ta, kuma ita kaɗai ba ta isa, sai da motsa jikin da aka tsara. Sannan ku yi wa iyayenku cikakken bayani!

Na gode wa Allah. Na gode wa likitana da ma'aikatan gashi, da Hajiya, da Mannir da tawagarsa, da Lawal wanda ya yi ta kai ni gashi a babur ɗinsa.

Juma'ar da ta wuce likita ya ba ni izinin yin sujada. Tun bayan la'asar na ƙagu, da magariba a masallaci na tsaya nafila, na sauka a hankali, goshina ya taɓa tabarma. Na daɗe ban ɗago ba.

Da na sallame, Baba Dikko, dattijon da muke jera kujera tare, ya leƙo fuskata ya ce, "Yaro, ƙahwar ce ta riƙe?"

Na ce, "A'a Baba, ni ne ban ƙoshi ba."